Amsa ga mai tambaya kan tsadar salak

Malama, kin tambaya me ya sa farantin salak ya fi na shinkafa da wake tsada, alhali kullum likitoci suna cewa a yawaita cin ganye. Shekara shida ke nan nake yi wa mahaifiyata cefane tun da aka gano tana da ciwon suga, saboda haka zan faɗi abin da na gani a Kano.

Latas da kabeji da karas da tumatir amfanin rani ne a wurinmu. Idan sanyi ya shigo, lambunan Kadawa da Kura suna zuba, za ki tarar da kwandunan tumatir jibge a kasuwar 'Yan Kaba har suna ruɓewa don babu wurin adana su. Da damina ta kankama kuwa sai a koma dogaro da kayan Jos, kuɗin mota ya hau kansu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manomin da yake ban-ruwa da inji ma sai ya ɗora kuɗin mai a kan kowane kwando. A 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, gidanmu da kauɗa muka riƙa yin miya.

A gidajen abinci kuma, yawancin kuɗin yana tafiya ne a mayonis da waken gwangwani da ƙwai da man janareto, waɗanda mai ciwon suga bai ma buƙaci rabinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya gram 400 na ganye da 'ya'yan itace ta ce a ci a rana, ba ta ambaci latas ba. Don haka na mayar da Hajiya kan kwaɗon zogale da rama, da ɗan ƙuli-ƙuli da albasa, na kuma dasa zogale biyu a tsakar gida.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, wannan dabara ta wanda yake da fili ce. Maƙwabciyarmu tana haya a ɗaki ɗaya da yara biyar, ba ta da inda za ta kafa ko itace guda, ga shi zogalen kasuwa ma ya yi tsada tun da masu hali suka gano amfaninsa. Idan kuɗin hannunta bai wuce na mudun gari ba, garin za ta saya, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Ranar Juma'a takan aiko babbar 'yarta da kwano, mu tsinko mata.