Tambayi Makanike: Anya Injin Motar Nan Nata Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo mini Lexus IS350 ƙirar 2008, ya ce shigowarta ke nan daga Amurka, ko noti ɗaya ba a taɓa kwance mata ba. Na ɗana ta a hanyar Dutsin-Ma, amma ban ji tana fizga kamar ta abokina ba. Yaya zan gane ko an sauya mata inji?
Daga mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata, domin IS250 da IS350 jikinsu ɗaya ne, rubutun da ke bayan but kuwa manna shi ake yi da gam. Bambancin yana ƙarƙashin bonet. IS350 tana zuwa da injin 2GR-FSE mai lita 3.5 da ƙarfin doki 306, ita kuwa IS250 injinta 4GR-FSE ne mai lita 2.5 da ƙarfin doki 204. Dukansu silinda shida ne, kuma da murfin roba a kansu ido ba ya rabe su. Ana cutar mai saye ta hanya biyu: ko a manna wa IS250 sunan babbar, ko injin IS350 ya buga a ɗora mata ƙaramin saboda ya fi araha.

Fara da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Su biyun su dace da juna, su kuma dace da takardun kwastan. A ƙirar 2008 ta Amurka, IS350 tana farawa da JTHBE, IS250 mai jan ƙafar baya kuma JTHBK. Alama ta goma ita ce shekara, don haka 8 za ka gani. A ƙasan wannan takarda ta ƙofa akwai wurin da aka rubuta A/TM, nan lambar giyabos take: A760E ta IS350 ce, A960E ta IS250 mai jan ƙafar baya.

To amma shasi yana faɗa maka abin da kamfani ya sa ne, ba abin da ke cikin motar yau ba. Don haka sai a nemo lambar da aka buga a jikin bulok ɗin injin. Littafin motar yana nuna wurin. A je da tocila da tsumma da ɗan fetur a goge, sannan a zura waya a ɗauki hoto, domin wurin a matse yake. Ko dai 2GR ka gani, ko 4GR, ko ma 3GR, injin GS300 mai lita 3.0 wanda shi ma yana zama a wannan gurbi. Idan wurin ya yi sumul kamar an bi shi da garanda, ko haruffan sun karkace wani ya fi wani zurfi, ka haƙura da motar gaba ɗaya. Wannan ya wuce batun tsada ko araha, yana iya kai ka gaban 'yan sanda.

Daga nan a cire murfin robar a duba aikin hannu. Injin da aka taɓa saukewa ba ya ɓuya. Kan notocin da suka haɗa inji da giyabos zai nuna cizon sufana, wani notin ma ba irin 'yan'uwansa ba ne. Za ka ga waya an yanke an naɗe da baƙin salatif, an ɗaure tiyo da wayar ƙarfe a madadin kilif, da rubutun fenti fari ko rawaya irin na masu sayar da tsofaffin injina. Ga wata shaidar da ta keɓanta da wannan mota: 2GR-FSE injekta goma sha biyu gare shi, shida na fesawa cikin silinda, shida cikin hanyar iska, 4GR-FSE kuwa shida kacal. Idan ka ga soket suna reto ba inda aka cusa su, ka tambayi dalili.

Ka leƙa ta cikin rim ɗin gaba. Faifan birkin IS350 milimita 334 ne da babban kalifa mai fistin huɗu, na IS250 milimita 296. Mai canza rubutun but ba ya kashe kuɗi a nan.

Kada ka yarda a gama ciniki ba a jona na'urar bincike ba. Soket ɗinta mai ƙafa 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ta karanto lambar shasin da ke cikin kwamfutar motar. Idan ta saɓa da ta gilashi, an canza kwamfutar, kuma sau da yawa tare da inji ake canza ta. Idan na'urar ta nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta ba su kammala ba, an goge matsaloli ko an cire batir kwanan nan. Sannan ka kunna mota ba tare da tayar da inji ba, dole fitilar inji ta kama. In ba ta kama ba, mai yiwuwa an kashe ta ne don kada ta tona asiri.

Sauya inji dai ba laifi ba ne. Da zafin Katsina da jabun baƙin mai, injina na bugawa, kuma 2GR mai lafiya da aka ɗaura da kyau ya fi na asalin da ya sha wuya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɓoye maka, ka biya kuɗin doki 306 a ba ka 204. Idan an sauya, a kawo rasit ɗin injin, a rubuta lambarsa cikin takardar ciniki, a kuma rage farashi.

TAMBAYA: Ina neman Mercedes C300 4Matic ƙirar 2010. An ce wasu an mayar da su masu jan ƙafar baya kawai. Gaskiya ne?
Daga mai karatu, Daura

AMSA: Gaskiya ne, Alhaji, ana yi idan akwatin da ke raba ƙarfi ya lalace, domin a haɗe yake da giyabos kuma gyaransa da tsada. Ta asali, wato 4Matic mai jan ƙafa huɗu, tana ba ƙafafun gaba kashi 45 na ƙarfin, na baya kashi 55. Kada ka yi cinikin biri a sama, a hau da ita kan ramin makanike ka shiga da kanka. Kowace tayar gaba dole ka ga shaf ya shiga cibiyarta, ga kuma gajeren shaf daga giyabos zuwa aksul ɗin gaba. Idan babu su, ko ka ga an toshe gurbinsu ko alamar walda, sunan 4Matic ne kawai ya rage mata. In suna nan, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali a fili. Idan tana tirjewa ko tayoyin na tsalle, akwatin ya fara ciwo, ko kuma an sa aksul ɗin da adadin haƙoransa bai dace da na ɗaya gefen ba.