Fatawa: Tela, Wasan PUBG da Sallar Asuba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne, shekaruna 27, ina da mata da 'ya ɗaya. Shekara biyu ke nan ina buga PUBG, wasan harbe-harbe, a waya. Idan na rufe shago na yi Isha'i, mu huɗu muke haɗuwa ta intanet mu yi ta bugawa, wani lokaci har ƙarfe biyu ko uku na dare. Ba na caca, ba na shaye-shaye, ba na barin salla, in ban da Asuba da yawanci sai rana ta fito nake farkawa in rama, kuma na ji an ce babu laifi ga wanda barci ya ɗauke. Nakan sayi UC, wato kuɗin cikin wasan, in buɗe akwatin sa'a jefi-jefi. Sau uku ina goge wasan ina dawo da shi. Maiɗakina tana ƙorafi, amma kun san halin mata. Wani malamin unguwarmu ya ce duk gem haramun ne kamar ludo, wani ya ce halal ne tunda ba a sa kuɗi. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka tambaye ni wane malami ne ya yi daidai, alhali amsarka tana cikin wasu 'yan kalmomi da ka wuce da gudu: "in ban da Asuba". Zan dawo kansu. Bari in fara da saɓanin, tunda shi ka sa a gaba.

Wanda ya ce duk gem haramun ne yana da madogara. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya buga nardi, wato wani wasan allo da ake jefa ƙwaya, kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce babu alheri a shaɗaranji, wato darar nan mai sarki da dawakai, Risalar da muka karanta a zaure ita ma ta ce bai halatta a buga nardi ko shaɗaranji ba. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da hadisin Uƙba ɗan Amir, cewa duk wasan Musulmi ɓata ne sai harbin baka, da horar da doki, da wasa da iyali. Majalisar malaman lardin Aceh na Indonisiya ma ta haramta PUBG a 2019.

Duk da haka ban yarda da haramcin kuɗin goro ba. Nardi nassi ya zo a kansa, ludo da duk wasan da ya rataya a kan jefa ƙwaya ya fi kusa da shi, wannan babu ja. Amma shaɗaranji babu hadisi ingantacce a kansa, shi ya sa Shafi'iyya suka tsaya a karhanci muddin babu caca kuma bai kai ga tozarta salla ba. To ta yaya za a ɗauki abin da shi kansa ake saɓani a kansa a mai da shi tushen ƙiyasi, a ɗora masa dubban wasanni, daga na tuƙa mota zuwa na koya wa yara haruffa? Kalmar "ɓata" a hadisin Uƙba kuma, Gazali ya daɗe da bayyana cewa rashin amfani take nufi, ba haramci ba. Ai Annabi (SAW) ya tsaya ya kāre Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa a masallaci, ya kuma yi tseren gudu da ita. Da a ce duk abin da ba ya cikin ukun nan haramun ne, da langa da dara da tatsuniyar kaka duk sun tafi. Ko a littattafanmu na Malikiyya akwai wurin lura: da Halil, mai littafin Muhtasar, ya zo lissafa abin da ke zubar da shaidar mutum, a nardi bugawa kawai ya ambata, amma a shaɗaranji cewa ya yi dawwama a kansa. Wato ko da suka ƙi wasan, sun bambanta mai taɓawa sa'i-sa'i da wanda wasan ya mallaka. Fatawar Aceh kuwa ijtihadi ce a kan wasa guda, saboda ɓarnar da suka gani a yankinsu. Abin da ya fi damuna da haramta komai shi ne saurayi ya ji, ya duba wayarsa ya ga wasan ƙwallo, ya ce malamai ba su san abin da suke magana a kai ba, sai ya watsar da sauran nasihar gaba ɗaya.

Asali dai halacci ne. Wasan da ke da tsiraici, ko kiɗan batsa, ko rusuna wa gunki, kamar wanda aka saka a PUBG a 2020 aka cire bayan Musulmi sun yi ca, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Malami na biyu rabin amsa ya ba ka, domin na tabbata ba ka gaya masa zancen Asuba ba. Da Allah ya haramta giya da caca a Suratul Ma'ida, cikin dalilan da ya ambata akwai kange mutum daga ambatonsa da salla. Duk wasan da ya kai mutum nan, ya ɗauki hukuncin, ko da sisin kwabo bai shiga ba. Hadisin da ka jingina da shi, cewa babu sakaci a barci, gaskiya ne, amma na wanda ya kwanta da niyyar tashi barci ya rinjaye shi ne. Kai kuwa ka san in ka kwanta ƙarfe uku ba za ka ji ladan ba, ka gwada hakan shekara biyu, kuma gobe ma haka ka shirya yi. Da hannunka kake sayen barcin. Sayyidina Umar ya rasa Sulaiman ɗan Abu Hasma a sallar Asuba, ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u, ta ce ya kwana yana salla ne barci ya kwashe shi. Umar ya ce halartar Asuba cikin jam'i ya fi soyuwa gare shi a kan tsayuwar dare ɗungurungum. Wanda ya kwana nafila ke nan, kuma jam'i kawai ya rasa. Ina ga wanda ya kwana yana harbin hotuna har lokacin ya fita?

Saboda haka, a yadda ka siffanta kanka, wasan nan haramun ne a gare ka, ko da ya halatta ga maƙwabcinka mai buga rabin awa bayan La'asar. Sallolin da ka rama sun sauka daga wuyanka, saura tuba a kan jinkirin.

Ka ce ba ka caca. Akwatin da kake buɗewa fa? Ka ba da kuɗi sananne a kan abin da ba ka san me zai fito ba, ko kayan da kake kwaɗayi ko tarkace, in bai fito ba ka sake saye. Wannan garari ne mai kama da caca ƙwarai, hukumar Beljiyam ma tun 2018 ta sa irin akwatunan nan a babin caca. Ka bar shi daga yau.

Gogewa sau uku da ka yi ta nuna min zuciyarka da rai, ta kuma nuna abin ya fi ƙarfin "zan rage". Haka aka ƙera shi: mutum ɗari a fage, zagaye ɗaya kusan rabin awa, babu damar dakatarwa, in ka fita ka bar abokanka uku a hannun maƙiya. Ga kyautar shiga kullum, ga matsayin da ake sake lale duk kakar wasa. In ka ci ka ce bari in ƙara, in an kashe ka ka ce bari in rama. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, alamominta kuwa su ne kasa tsayawa, fifita shi a kan sauran lamura, da ci gaba duk da ganin illa, har tsawon kamar wata 12. Ka auna kanka. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa yara buga gem ta intanet zuwa awa uku a mako.

Don haka kada ka tsaya a goge manhaja, asusun ne igiyar. Ka rufe shi, kada ka sayar wa wani ka miƙa masa ciwonka. Ka gaya wa abokan nan uku baki da baki cewa ka fita, domin kiransu ne ke dawo da kai. Bayan Isha'i wayar ta kwana a wani ɗaki, ka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, ka roƙi wani maƙwabci ya riƙa buga maka ƙofa. In ka ga ƙunci da rashin barci sun ƙi sakinka, ka ga likita, babu abin kunya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Telan da ke buɗe shago da hantsi, ido jawur, na san yadda yake ƙarewa da masu kaya: an karɓi kafin alƙalami, shadda tana jibge a kan keke, ana "ka dawo jibi" har jajibirin Salla. Wannan haƙƙin mutane ne, istigfari kaɗai ba ya goge shi. Sannan kalmar "kun san halin mata" ba ta yi min daɗi ba. Baiwar Allah ta wuni da yarinya, ta dafa, ta jira, ka shigo ka toshe kunne kana ihu da ƙarti har tsakar dare, ta yi magana ka kira shi ƙorafi. Ita ce ta fara ba ka fatawar nan kafin ni. Ka je ka ba ta haƙuri, kuɗin UC da na data kuma ka ƙara a cefane.

Bayan wata uku ka rubuto min Asuba nawa ka samu a sahu, sannan mu duba ko akwai wasan da za ka iya taɓawa da rana. Wallahu a'alam.