Tambayi Kawu: Kuruza ko babur ɗin dogon zango, wanne zai iya da hanyoyin Damagaram?

Saƙonnin wannan makon kusan duk kan manyan babura suka faɗo, na tsamo huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, kayan waya nake saidawa, Allah ya ɗan buɗa mini kuma tun ina yaro burina in hau babban moto. Abokina da ke Lome ya turo mini hoto biyu ta WhatsApp duk na hannu ne, ɗaya Harley-Davidson Fat Boy irin kuruza ɗin nan mai ƙyalli, ɗayan Yamaha FJR1300 mai roba a jiki da akwati biyu a gefe irin na dogon zango, kuɗinsu kusan ɗaya. Ina zuwa Maraɗi kusan duk wata, Yamai jefi-jefi, kuma ba zan ɓoye maka ba ina so ranar hawan salla a san na fito. Wanne zan ɗauka? Ɗanka daga Zango.

Amsa: Ɗana Allah ya ƙara buɗi. Buƙata biyu ka cusa cikin tambaya ɗaya, ta hanya da ta ido, to bari mu bi su a hankali.

Fat Boy tun 1990 ake yin shi, kamfanin kuwa na garin Milwaukee ne a Amurka tun 1903. Injinsa silinda biyu ne manya-manya da suka buɗe baki kamar harafin V, iska ke sanyaya shi, kuma ƙarfinsa a ƙasa yake, ba sai ka murɗa mai sosai ba, kana sakin kulochi ya ɗauke ka da wannan gurnanin da ke sa yara biyo ka a guje. Sirdinsa bai kai santimita 70 daga ƙasa ba, ko gajere ya hau ƙafarsa biyu za su taka ƙasa. Zaman ne dai abin dubawa, ƙafafunka a miƙe suke gaba, hannu a ware, ƙirji a buɗe, daga Zango zuwa ƙofar fada wallahi ba zaman da ya kai shi daɗi. Amma ka wuce Takeita ka faɗa rami guda da gudu za ka gane abin da nake nufi, don ba ka da yadda za ka ɗaga jikinka daga sirdi tunda ƙafa ba ta ƙarƙashinka, duk bugun a ƙugu da ƙashin baya yake sauka, ga iska na tura ƙirji kana riƙe da kan babur da ƙarfin dantse, kafin Tasawa wuyanka ya sage. Dokin hawan salla ne da aka yi wa ado, ba shi ake ba wa ɗan aike ba.

FJR1300 kuwa a 2001 ya fito, silinda huɗu a jere, cc 1298, ruwa ke sanyaya shi, tankinsa lita 25 yayin da na Fat Boy bai wuce 19 ba, cikawa ɗaya ta kai ka Maraɗi da saura mai yawa. Gilashin gabansa da maɓalli ake ɗaga shi a sauke, robar jikin nan da kake gani ba ado ba ce, ita ke raba ka da iska, ƙafarka na ƙarƙashinka gwiwa a ɗan lanƙwashe jiki ya ɗan sunkuya, in ka hango rami sai ka taka ka ɗaga. Ba shi da sarƙa, sandan ƙarfe ne a rufe yake juya tayar baya, ba ruwanka da ja ko shafa mai. Jandarmomin Faransa sun daɗe suna aiki da shi kuma su ba don kwalliya suke saye ba. Irin wannan ƙirar BMW ce ta buɗe mata hanya da R100RS a 1976, daga baya Honda ta kawo ST1100 a 1990, Kawasaki ma ta yi nata GTR. In dai maganar kilomita wajen 890 ɗin nan ce ta Damagaram zuwa Yamai, ta Ƙonni da Doso, ba ma a haɗa su, FJR ne.

To amma ga inda nake so ka nutsu. Duka biyun don kwalta mai santsi aka ƙera su. FJR ya doshi kilo 290, Fat Boy ya haura 300, kuma tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 12 zuwa 13 ba, wato tudun rage gudu na bakin makaranta ma sai ka bi shi a karkace kana addu'a kar ƙasan injin ya gurza. Ka shiga lungun Garin Malam ko Kara-Kara inda rairayi ya taru, tayar gaba ta nutse kan ya murɗe, ba ka da ƙarfin tare kilo 300, sai dai ka sake shi ka kira samari uku. In Harley ne ya faɗi ƙarfe ne zai kuje, in FJR ne robar gefe ce za ta tsage tun daga fitilar sigina har ƙasa, ka kai wa mai gyaran roba ya sa ƙarfe a wuta ya narka bakin tsagar ya ɗinke da 'yar waya ta ciki, ya riƙe kam amma tabon na nan kuma wata rana kana gudu za ka ji yana kaɗawa. Sabuwa kuwa sai an yi oda daga waje.

Sai zafi. Watan huɗu da na biyar nan garin awo na haura 40, Harley in ka tsaya a cunkoson bakin kasuwa silindar baya na nan dab da cinyarka tana gasa ka, FJR ɗin farko-farko kafin gyaran da aka yi mishi a 2006 shi ma an san shi da turo zafi ƙafa, saboda haka ka tambayi abokinka shekarar ƙira. Radiyetarsa kuma ƙurar hunturu na toshe ta sai ana wankewa. Harley da bel yake tafiya maimakon sarƙa, abu mai kyau da daɗewa a kan kwalta, amma tsakuwa ɗaya ta jar hanya in ta maƙale tsakaninsa da haƙoran taya tana iya huda shi. Ga mai, FJR da duk Fat Boy na bayan-bayan nan ba kafireta gare su ba, famfo ne cikin tanki ke tura mai ta 'yan ƙofofi ƙanana, ruwa-ruwan kwalba na bakin hanya mai laka a gindi shi ne ajalinsu, gidan mai kawai, kuma alhamdu lillahi matatar SORAZ na nan kusa da mu tun 2011. Taya ma haka, ta bayan sababbin Fat Boy faɗinta milimita 240, je ka tambayi mai faci na unguwarku ko ya taɓa kwance irinta.

Cikin biyun da ka kawo FJR nake ba ka shawara, da sharaɗi. Ka fara nemo makanikin da ya taɓa buɗe inji mai silinda huɗu, ko nan ko Maraɗi ko Kano, ka ji ta bakinsa kafin ka tura ko dala, a haɗo maka taya biyu da matatun mai da na iska da takalman birki cikin kaya ɗaya, takardun duwan su zama cikakku. In kuma zuciyarka ta nace sai kuruza to ka sauko ƙasa, Yamaha Dragstar 650 na nan, kafireta gare shi, iska ke sanyaya shi, shi ma ba sarƙa, ya fi sauƙin nauyi kuma ranar salla ba wanda zai tsaya karanta sunan da ke kan tanki. Da ni ke da kuɗin, na uku zan nema wanda ba ka ambata ba, masu dogayen ƙafa irin su Honda Africa Twin ko Yamaha Ténéré, wanda tun 1983 yake ɗauke da sunan saharar ƙasarmu saboda tseren Pari-Dakar da ya riƙa ratsa Agadas. Ténéré 700 tsakanin cikinsa da ƙasa santimita 24 ne, shi za ka nufi Tanut da shi ba ka tunanin komai. Gabas kuwa ka riƙa tambaya kafin ka kama hanya, a 2015 an sa dokar hana hawa babur a jihar Diffa saboda tsaro.

Tambaya: Kawu a fadarmu kullum gardama ake, wani ya ce ya gani a intanet Turawa har zanen sunan Harley suke a dantse. Mahaifina ma har ya bar hawa bai taɓa sayen abin da ba Yamaha ba, ni kuma Haojue na uku ke nan nake hawa. Wannan naci kan kamfani ɗaya hankali ne ko makauniyar soyayya? Daga Tudun Jamus.

Amsa: Ƙanena na Harley ɗin gaskiya ne, kuma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba, gina shi aka yi. A 1969 wani kamfani mai suna AMF ya saye Harley, ingancin ya zube har ana yi musu ba'a da yoyon mai, a shekarar kuma Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu wanda ya fi gudu ya fi araha ba ya ɗiga. Kamfanin ya kusa mutuwa. A 1981 manyan ma'aikatansa su 13 suka haɗa kai suka saye shi, a 1983 shugaba Reagan ya ɗora harajin kashi 45 cikin ɗari kan baburan waje da suka haura cc 700, abin dariyar ma Japanawa sai suka rage injinansu ya dawo ƙasa da 700 kaɗan suka ci gaba da shigowa. A 1983 ɗin dai Harley ta kafa ƙungiyar masu baburanta, HOG, kowane dila da reshensa, riga iri ɗaya, fita tare ranar hutu, ga taron masu babura na garin Sturgis a Amurka da ake yi duk watan takwas tun 1938. A 1984 suka kawo sabon inji Evolution wanda ya gyara musu suna, 1987 su da kansu suka ce a cire harajin. Har ƙarar injin suka nemi a yi musu rajistarta a 1994, suka janye a 2000. Ka ga mutumin da abokansa da suturarsa da hutunsa duk suna rataye da suna ɗaya, in ya canja babur ai fada ya canja, shi ya sa ko an nuna mishi wanda ya fi nashi birki da gudu ba zai saurara ba.

Masu dogon zango ba su cika wannan zafin ba, su kilomita suke ƙirgawa, yau Honda gobe Yamaha in ya fi sirdi mai taushi, in ka cire 'yan BMW da ke ji da injinsu mai silinda biyu a kwance tun 1923.

Na Baba kuwa ni ban kira shi makanta ba. Zamaninsu Yamaha Mate da DT ke gari, makanikinsa ya san su ido rufe, mai kayan gyara na ajiye mishi, ran da zai saida kuma akwai mai saye a tsaye. Naka ma haka ne in ka duba, Haojue ɗin da kake so rabinsa son makanikin bakin layinku ne da kuma sanin cewa ko a Matamai ya lalace za ka samu fulogi da kebur. Wannan naci ne mai dalili kuma ina bayansa. Wanda ba na so shi ne mutum ya rantse da suna bai san wa ya ƙera ba, don yanzu Harley X440 kamfanin Hero ne ke yin shi a Indiya tun 2023, Triumph Speed 400 Bajaj ke yi, ƙaramin BMW G310 TVS ke yi, Haojue ɗinka ma kamfaninsu ya daɗe yana ƙera wa Suzuki babura a Cana. Ka kai musu wannan fada gobe, shayin na biyu ba zai sauka ba sai an kusa dambe.

Tambaya: Kawu maigidana ne ya dage sai ya sayi babban babur, ni kuma ni za a riƙa ɗauka zuwa Damagaram ganin gida. Wanne ya fi daɗin zama a baya? 'Yarka daga Mirya.

Amsa: 'Yata na dogon zangon, nesa ba kusa ba. Sirdin bayansa faffaɗa ne da maƙamai a gefe, in an sa akwatin baya har jingina za ki yi, na kuruza yawanci ɗan tudu ne a kan tayar baya, kilomita ashirin ɗin nan ma sai kin ji a jiki. Abu biyu zan roƙe ki. Waɗannan babura ba a zaman gefe ɗaya a kansu, wando za ki sa ƙarƙashin zane ki zauna sosai, ki tattare hijabi da bakin zane ki danne a cinya don taya in ta kama ƙyalle ba ta saki. Salansar Harley irin Fat Boy kuma duka a dama suke, ƙyallinsu kar ya ruɗe ki, ƙwauri na taɓawa fata ta tashi, ta hagu ake hawa ta hagu ake sauka. Ki ce mishi kuɗin kaski biyu na cikin kuɗin babur, naki da nashi.

Tambaya: Kawu ni ɗan kabu-kabu ne, moto na 125 ne mai sirdi ƙasa da kai mai lanƙwasa, wai shi ma kuruza ne? Daga Sabon Gari.

Amsa: Jikansa ne. Yawancin masu wannan fasalin kwaikwayon Suzuki GN125 ne wanda ya fito a 1982 da siffar ƙaramin kuruza, masu miƙaƙƙen sirdi kuma daga Honda CG125 suka samo asali, wanda tun tsakiyar shekarun 1970 aka ƙera shi musamman don ƙasashen da ba a cika juye mai a kan lokaci ba. Kar wannan ya sa ka yi sake, man inji bai fi lita ɗaya injinka yake ɗauka ba, kuma in irin na CG125 ne ba shi da matata irin ta manya, 'yar raga ce a ƙasan inji, duk juyen mai ka ce a kwance ta a wanke.