Likita ya rubuta, asibiti ya hana: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta wa mahaifiyata wankin ƙoda, amma a asibiti an ce injinan sun cika, masu inshora kuma sun ƙi biya. Shin doka ba ta tilasta a yi wa majiyyaci abin da likitansa ya rubuta ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya ɗaci gare ta: takardar likita ba umarnin kotu ba ce. Hujja ce mai ƙarfi cewa Mama na buƙatar wankin, amma ita kaɗai ba ta ɗaure asibiti.

Inda doka ta fi haƙora shi ne halin gaggawa. A Amurka dokar EMTALA ta 1986 ta hana korar wanda rai ke hannun Allah saboda rashin kuɗi, haka ma dokar lafiya ta Najeriya ta 2014. Idan Mama ta kumbura, numfashi na sarƙewa, ba batun layi ake ba.

Ciwo mai daɗewa kuwa, nan gizo ke saƙar. A 1997 wani mai ciwon ƙoda, Soobramoney, ya kai ƙara Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu kan irin wannan matsala. Kotu ta ce nasa ba gaggawa ba ne, kuma asibiti na da ikon raba 'yan injinansa bisa ƙa'idar da hankali zai ɗauka. Amma a 2002 kotun nan ta tilasta wa gwamnati ba masu juna biyu masu HIV maganin nevirapine mai kare jariri daga kamuwa da cutar, domin maganin yana nan, taƙaita shi kuma ba shi da hujja. Wato alƙali ba ya ƙirƙiro inji, dalilin hanin yake aunawa.

Saboda haka kar ki yarda da "babu" ta fatar baki. Ki nemi a rubuta miki dalilin, da ƙa'idar da ake bi wajen jera majiyyata. A ganina masu inshora sun fi sauƙin kamawa, tunda yarjejeniya ce a rubuce: ki duba ko wankin ƙoda na ciki, likita ya rubuta rahoton abin da jinkiri zai jawo, ki kai ƙorafi hukumar da ke sa musu ido. Kafin nan, ki roƙi likitan ya tura Mama wata cibiya yau, kar a jira shari'a.