Mun haɗa na'urar gargaɗi ga ƙauyuka, ina ake samun lambar yabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar fasaha a Ƙaura Namoda. Ni da ɗalibaina mun haɗa na'ura mai aiki da hasken rana, tana aika gargaɗi daga ƙauye zuwa ƙauye ko da babu sabis ɗin waya. Akwai kyaututtukan da ake bai wa irin wannan bincike na tsaro? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Duk wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya, ya san abin da kuka haɗa ba wasan yara ba ne.

Akwai kyaututtuka. Babba a fannin kimiyya ita ce ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda aka fara a 2004, dala 100,000. Kowace shekara da jigon da ake zaɓa, sai aikinka ya dace da shi. A 2022 jigon wadatar abinci ne, kuma masu binciken irin masara na Samaru, Zariya, suna cikin waɗanda suka ci. Lambar NNOM kuwa, wato lambar girmamawa ta ƙasa ga masana, da aka kafa a 1979, ta waɗanda suka shafe rayuwarsu suna bincike ce, ba ta aikin farko ba.

Amma a harkar tsaro, babban yabo shi ne a karɓi abin da ka ƙera a sa shi aiki. Motar yaƙin nan mai jure nakiya da aka ƙaddamar a Kaduna a Disamba 2019, sunan Manjo Janar Victor Ezugwu, shugaban masana'antar ƙera kayan yaƙi ta gwamnati, DICON, na lokacin, aka sa mata. Jirgin Tsaigumi marar matuƙi da rundunar sojin sama ta nuna a 2018, shi ma daga ɗakin bincike ya fito. Saboda haka shawarata, kada ku fara da neman lamba, ku fara da neman hujja.

Dubi abin da ya faru a Amurka. A 2004 hukumar binciken soja ta DARPA ta sa dala miliyan 1 ga motar da za ta tuƙa kanta ta ratsa hamada, tafiyar sama da kilomita 200. Wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba, kuma ba a bai wa kowa ko sisi ba. Sai a 2005 jami'ar Stanford ta kai ƙarshe ta karɓi dala miliyan 2. Alƙalan gasa ta ƙwarai ba sa sayen bayani, abin da ya yi aiki a fili suke so.

To ku tambayi na'urarku abin da za su tambaya. Kilomita nawa saƙon yake kaiwa idan dutse ko daji ya shiga tsakani? Idan hazon hunturu ya rufe farantin sola, ko damina ta kwana uku ba rana, batirin zai riƙe? Sau nawa ta yi ƙara alhali babu komai? Wannan ta ƙarshe ta fi damuna, domin mutanen da aka tayar da tsakar dare sau biyu a banza, a karo na uku ba za su fito ba. Sannan idan ɗaya ta faɗa hannun 'yan bindiga, za su iya aika saƙon ƙarya da ita, ko kuna da hanyar kashe ta daga nesa? Kowane gwaji ku rubuta ranarsa, wurinsa da sakamakonsa, har da wanda bai yi kyau ba.

Kuɗin gwajin, ku nema ta ofishin bincike na makarantarku. Asusun TETFund yana tallafa wa binciken malaman jami'o'i da kwalejojin fasaha na gwamnati, kuma a ganina kuɗin da ya zo kafin aiki ya fi muku amfani yanzu.

Kafin ku ɗora bidiyonta a Facebook, ku yi mata rajistar mallakar ƙirƙira. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike a kan haka, kuma kariyar tana kai shekara 20. Ku kuma duba ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC kan mitar rediyon da kuke amfani da ita.

Abin da zan fi jan kunnenka a kai, Malam, shi ne rayukan mutanen da kuke gwajin a garinsu. Ka san matsalar infoma a yankinmu. Kada sunan ƙauye, ko hoton gidan da aka kafa na'urar, ko fuskar mai kula da ita ya shiga takardar gasa. Ku sa lamba a madadin suna, kuma ku yi gwajin da sanin hakimi da jami'an tsaron yankin. Idan kun tara sakamakon damina ɗaya da rani ɗaya, ku kai wa hukumar makaranta ta rubuta wa DICON ko hukumar bunƙasa kimiyya da ƙere-ƙere ta NASENI, sannan ku duba jigon gasar NLNG na wannan shekarar.