An rubuta ƙasa da abin da na ci bashi, wanne zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Zinder. Na ɗauki kaya bashi wurin wani Alhaji a kasuwar Dole, na jaka 850, wato sefa 850.000. Yaronsa ya rubuta takarda da Faransanci, na sa hannu. Bayan na biya jaka 300 sai na lura ya juya lambobi, ya rubuta 580.000. Abokaina sun ce in cika jaka 280 in huta, tunda takarda ce hujja. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jaka 550 ta rage a wuyanka. Takarda shaidar bashi ce, ba ita ta haifar da shi ba. Kayan da ka ɗora a amalanke ka fita da su, su ne bashin, kuma kai da bakinka ka faɗi kuɗinsu.

A Suratul Baƙara aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, Allah ya ce a rubuta bashi, kuma wanda ake bi shi zai yi shifta, ya ji tsoron Ubangijinsa, kada ya rage komai. Ka ga amanar adadin a hannunka aka sa ta tun farko. Akwai kuma hadisin Ummu Salama a Buhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya kafa hujja: in aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, guntun wuta ne aka yanka masa. Jaka 270 ɗin da abokanka ke kwaɗaita maka, wannan ce.

Ko a kotu ma shawararsu ba ta da ƙafafu. Dokar yarjejeniya da Nijar ta gada daga Faransa tana umartar alƙali ya nemi abin da mutanen biyu suka nufa, kada ya tsaya kan rubutu kawai. Sannan ku duka 'yan kasuwa ne, kuma a dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, waɗanda Nijar ke aiki da su, ana tabbatar da ciniki a kan ɗan kasuwa da kowace irin hujja. Littafin shagon Alhaji, ƙidayar kayan, wanda ya yi lodi, saƙon murya da ka tura a WhatsApp, duk za a saurare su. Ranar da ya duba littafinsa ya gano, kuɗin za ka biya, kuma ba wanda zai ƙara ba ka kaya bashi daga Dole har Zango.

Ka samu Alhaji shi kaɗai tukuna, ba a gaban jama'a ba, don kada yaron ya sha kunya ko a zarge shi da haɗa baki da kai. Ka nuna masa kuskuren. Kada ku goge lamba ku rubuta wata a kanta, takardar da aka kankare rigima take jawowa, musamman in ɗayanku ya rasu magada suka taso. Ku rubuta sabuwa: asalin bashi, abin da aka biya da ranarsa, abin da ya rage, da lokacin cikawa. A faɗa a ciki cewa ta maye gurbin ta farko. Adadin kuwa a sa shi da lambobi da kuma haruffa, a sefa. Wannan na nanata shi domin a nan muna lissafi da dala a baki (dala ɗaya sefa biyar ce), takarda kuma tana lissafi da sefa. Mutum ya ce dubu ashirin yana nufin jaka 100, marubuci ya sa 20.000, kuskure ya shiga ba da niyyar kowa ba. A karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu, shaidu biyu su sa nasu, kowa ya riƙe kwafinsa.

In cika jaka 550 ya yi maka nauyi, nemi sauƙi a fili. Aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma Annabi (SAW) ya taɓa yi wa Ka'abu ɗan Malik ishara ya yafe rabin bashin da yake bi. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya ba a rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya. Rangwame ya zo daga Alhaji don Allah, ko bayan wa'adi ya cika.

Da a ce kuskuren cutar ka ya yi, hukuncin ɗaya ne: ka biya gaskiyar abin da ka ci, in ka biya fiye kana da ikon neman ragowar. In ya ƙi gyara, a fara da mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram, doka ta ba sarakuna ikon sulhu kuma ana rubuta shi. In takardar umarnin biya ta zo daga kotu, kwanakin ƙalubalantarta kaɗan ne, a nemi lauya a ranar.

Duk abin da ka biya daga yau ka karɓi rasit. Ranar biyan ƙarshe Alhaji ya rubuta cewa ba ya bin ka komai, ya mayar maka da takardun biyu, tsohuwa da sabuwa.