Shin 4,294,967,297 lamba ce firam?

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, Kaduna. Wani ɗalibina ya kawo mini 4,294,967,297, ya ce firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Na gwada ta da kalkuleta har zuwa 100, kowace lamba sai ta bar saura. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Malam, ɗalibinka ya yi kuskure, amma irin kuskuren da babban masani ya riga shi yi. Idan aka jera 2 har guda 32 aka ninka su, za a sami 4,294,967,296, sai a ƙara 1 a sami lambarka. Tana cikin jerin da ake kira lambobin Fermat, da ake samu ta wannan hanya da 2 guda 1, guda 2, guda 4, guda 8, ana ta ruɓanya adadin, waɗanda biyar ɗin farkonsu, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk firam ne. Ganin haka ne ya sa Pierre de Fermat na Faransa ya yi zato a 1640 cewa dukan jerin haka yake.

A 1732 Leonhard Euler ya rushe zaton, inda ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 shi ne daidai 4,294,967,297. Gwajinka ya tsaya da wuri ne kawai. Da za ka bi su ɗaya bayan ɗaya don ka tabbatar, sai ka shirya kaiwa har 65,536, aikin da ba na so wa kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajeriyar hanyar da Euler ya tabbatar daga baya: duk firam ɗin da za ta raba wannan lamba dole ta bar saura 1 idan aka raba ta da 64. Daga nan sai masu takara su ragu ƙwarai, domin firam ɗin farko da suka cika sharaɗin su ne 193, 257, 449, 577, sannan 641. A gwaji na biyar an gama. Wannan ya isa darasi guda a allo, kuma ɗalibin da ya iya doguwar rabawa zai iya bi da hannunsa.

Game da rukuninta, lamba ce mara, ba cika ba, kuma jimlar alƙalumanta 59 ce, don haka 3 ba ta raba ta. Tun da 641 da 6,700,417 duk firam ne, masu raba ta huɗu ne kacal: 1, su biyun, da ita kanta. Idan aka tara ukun farko za a sami 6,701,059, wanda bai ko kusa da ita ba, shi ya sa take cikin lambobi masu gibi, saɓanin 6 ko 28 da jimlar masu raba su, ban da su kansu, ke cika su daidai.

Har yau ba a gano wata firam a jerin Fermat da ta wuce 65,537 ba, kuma ba a tabbatar da cewa babu ba.